Gyara Ko Haƙuri? Abin Da Tsohon Agogon Kakana Ya Koya Mini

Gabatarwa

A daminar shekarar 2022, lokacin da kogin Kwara da na Binuwai suka yi ambaliya a Lakwaja, ruwa ya shiga gidanmu har ya kai ga tagogi. Mun tsira da rayukanmu da takardun makaranta, alhamdu lillahi, amma kayan ɗaki sun yi kwana da kwanaki a cikin ruwa. Daga cikin abin da ruwan ya taɓa akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe ta kakata, wadda aka shanya tufafin da ke samanta, amma ba wanda ya tuna da abin da ke can ƙasa sai bayan fiye da shekara guda. Ranar da aka zazzage ta, sai ga agogon marigayi kakana a naɗe cikin wani ƙyalle. Gilashinsa ya tsage, fuskarsa ta yi dabbare-dabbare, hannuwansa sun tsaya cak a kan ƙarfe huɗu saura kwata.

Baffana ya juya shi, ya girgiza, ya kara a kunne, sannan ya ce a ba yara su yi wasa da shi. Hajiya kakata kuwa sai ta karɓe, ta miƙo mini, ta ce: "Ungo, maigidana, kai ne ɗan boko. In yana da sauran kwana ka nemo masa magani. In kuma ya bi mai shi, ka zo ka faɗa mini gaskiya."

Haka na dawo makaranta da agogo a aljihu da nauyi a ka. Kuɗin da ke hannuna a lokacin su ne waɗanda nake tarawa don buga kundin kammala digiri, saboda haka ba ni da na ɓatarwa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai matakan da na bi kafin in yanke shawara, domin na tabbata gidaje da yawa suna da irin wannan agogo a ajiye, na uba ko na kaka, ana ta wasi-wasi a kansa.

Ɗan Tsokaci A Kan Kalmomi

Tun da mu ɗaliban harshe ne, ba laifi mu fara da kalmar kanta. Agogo kalma ce da Hausa ta aro daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa ko kugen ƙarfe da ake bugawa. Wannan ya yi daidai da yadda muke faɗin lokaci, domin idan muka ce "ƙarfe uku", asalin maganar shi ne ƙarfen da ake bugawa sau uku don a sanar da jama'a. Sa'a da daƙiƙa sun zo mana daga Larabci, awa da minti da sakan daga Ingilishi, haka ma batir da sifirin da wani, wato murza agogo don a ba shi ƙarfi. Wasu sassan cikin agogo kuwa masu gyara ba su cika kiransu da Hausa ba, don haka a nan zan kira su da siffarsu ko aikinsu. Ƙofa a buɗe take ga duk wanda yake da sunan da ya fi dacewa.

Yadda Agogon Inji Yake Aiki

Agogon hannu iri biyu ne manya. Akwai mai batir, akwai kuma mai inji wanda ba ya buƙatar batir ko kaɗan. Mai batir yana dogara ne da wani ɗan ƙanƙanen dutse mai suna kwaz, wanda lantarki ke sa shi kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a ranar 25 ga Disamba, 1969. Daga nan farashinsa ya yi ta sauka, har ya kai ga yau ana sayar da shi a kan faranti a tasha.

Mai inji kuwa ƙarfinsa yana fitowa ne daga wani dogon sifirin da ke naɗe a cikin ɗan gwangwani. Idan aka yi wa agogo wani, sifirin ɗin yakan ƙara naɗewa, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana juya jerin ƙafafu masu haƙora. Abin da ke hana shi warwarewa gaba ɗaya shi ne wata 'yar ƙafa mai lilo, wadda ke zuwa da dawowa bisa wani siririn sifirin da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk lilo ɗaya sai ta saki haƙori ɗaya, kuma wannan ne ƙarar "cak-cak" da muke ji. A agogon kakana hakan yana faruwa sau 21,600 a awa, wato sau shida a sakan, ko kuma sau 518,400 a kwana ɗaya. Wasu tsofaffin agoguna suna yin 18,000 a awa, wasu na zamani kuma 28,800.

Domin kada kawunan waɗannan ƙafafu su cinye, akan zaunar da su a kan wasu jajayen duwatsu masu tauri. Su ne ake rubuta adadinsu a fuskar agogo, 17 ko 21 ko fiye. Mutane da yawa suna zaton dukiya ce a ɓoye, alhali yakutu ne na masana'anta wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma agogon da ke yi wa kansa wani, ta hanyar wani faifan nauyi mai siffar rabin wata da ke juyawa duk sa'ad da hannu ya motsa. Na kakana irin wannan ne.

Wanda ya fahimci wannan bayani zai gane dalilin da ya sa ruwa ya zama babban abokin gabar agogo. Yawancin ƙananan sassan nan ƙarfe ne mai yin tsatsa, kuma tsatsar da ba ta kai ƙwayar gero ba ta isa ta tsayar da komai.

Tambaya Ta Farko: Wane Agogo Ne Wannan?

Kuskuren da na fara yi shi ne na tafi wajen mai gyara ba tare da na san abin da nake riƙe da shi ba. Wani matashi ne mai tebur a bakin titi. Bai ko buɗe bayan agogon ba, ya ce injin ya mutu, amma zai cire shi ya zubar, ya sa mini na batir, ya goge fuskar ya shafa mata sabon fenti, duka kafin la'asar, kuma a kan kuɗi kaɗan. Har na sa hannu a aljihu, sai na tuna cewa araha ba ta ado. Na ce masa zan dawo.

Daga baya aka yi mini kwatancen wani dattijo a cikin gari, Bayarabe ne da ya koyi sana'ar a Kano yana saurayi, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Da na gaishe shi na miƙa masa agogon, bai dubi fuskar ba, bayansa ya juya. Ya ce: "Ɗan makaranta, agogo a bayansa yake faɗin asalinsa. Karanta mini abin da ka gani."

A nan na koyi karatun bayan agogon Seiko. Akwai lambobi kashi biyu. Kashi na farko lambobi takwas ne da ɗan karan ɗori a tsakaninsu: huɗun farko sunan inji ne, huɗun ƙarshe na gidan agogon. Nawa ya fara da 6309, injin da kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa wajen 1988. Kashi na biyu lambar agogon ce shi kaɗai, kuma lambarta ta farko tana nuna ƙarshen shekarar da aka yi shi, ta biyu tana nuna wata. Watanni tara na farko da lamba ake rubuta su, Oktoba da Nuwamba da Disamba kuma da harafin O da N da D. Nawa ya fara da 2 sannan 3. Tun da injin bai wanzu a 1972 ba, kuma an daina shi kafin 1992, ashe an yi agogon ne a watan Maris na 1982.

Wannan ya yi daidai da abin da ake faɗa a gidanmu, cewa Alhaji ya sayo shi ne a Makka a zamanin mulkin Shagari. Aikin Hajjin 1982 ya faɗo ne a ƙarshen watan Satumba, wato wata shida bayan an ƙera shi. Ƙarin shaida kuma ita ce 'yar tagar da ke nuna ranakun mako, wadda ke da Larabci da Ingilishi, kamar yadda ake yi wa agogunan da za a kai kasuwannin ƙasashen Larabawa.

Agogon dai Seiko 5 ne, jerin da aka fara a 1963, kuma an ƙera su da yawan gaske don masu ƙaramin ƙarfi. Baba ya ce mini kai tsaye: "Wannan agogon kirki ne, amma ba na tsada ba ne. Kada wani ya ruɗe ka." Wannan magana tana da muhimmanci, domin sau da yawa labarin da muke ji yakan sa mu zaci duk tsohon agogo taska ce. Gaskiya ne a watan Oktoba na 2017 an yi gwanjon wani agogon Rolex na ɗan wasan Amurka Paul Newman a birnin New York a kan kusan dala miliyan 17.8. Amma abin da aka saya a nan shi ne ƙarancin irinsa, da sunan mai shi, da kuma kasancewarsa yadda yake tun asali. Tsufa kaɗai ba ya sa wa agogo kuɗi.

A wannan mataki har ila yau ya kamata a duba da me aka yi gidan agogon. Idan an rubuta cewa bayansa kaɗai ne ƙarfen da ba ya tsatsa, to sauran jikin galibi tagulla ce da aka yi wa ruwan kurom ko na zinare, kuma idan ruwan ya ci, maido shi aiki ne mai tsada. Idan kuwa aka ga hatimin 750 ko 585 ko 375, wannan alamar zinare ce mai karat 18 ko 14 ko 9, sai dai a kai wa maƙerin zinare ya tabbatar, don jabu ma yana ɗauke da hatimi. Na kakana duk jikinsa ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma wannan ne ya cece shi.

Tambaya Ta Biyu: Ina Ɓarnar Ta Tsaya?

Ba duk raunin da ke tayar da hankali ne yake da haɗari ba. Na biya Baba ɗan kuɗin dubawa kawai, bisa sharaɗin ba zai taɓa komai ba sai mun yi magana. Ina ba kowa shawarar ya yi haka. Ga yadda ya jera mini ɓarna daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mafi sauƙi su ne gilashi da maɗauri da zoben robar da ke hana ruwa shiga. Waɗannan dama an yi su ne don a riƙa sauyawa, kuma sauya su ba ya rage wa agogo daraja sosai. Gilashin da ya fi ba ni tsoro ashe shi ne ƙaramar matsala. Robar kuwa ta bushe ta yi tauri tun kafin ambaliya, kuma ta nan ruwan ya samu hanya. Rubutun da ke cewa agogo ba ya jin ruwa alkawari ne na lokacin da yake sabo.

Na biye su ne ciwon da wanki ke magancewa. Man da ke cikin inji yakan bushe ko ya daskare bayan 'yan shekaru, sai agogo ya riƙa jinkiri ko ya tsaya. Haka kuma idan agogo ya kusanci maganaɗisu, kamar na lasifika, siririn sifirin nan yakan manne da kansa, sai agogo ya riƙa gudu fiye da kima. Na farko maganinsa a kwance injin gaba ɗaya, a wanke, a sa mai, a mayar. Na biyu kuma aikin 'yan mintoci ne ga mai na'urar cire maganaɗisu. Mu lura, ɗiga wa inji mai ta baya ba tare da an kwance shi ba, ba wanki ba ne, ƙarin datti ne.

Na uku shi ne karyewar wani sashe guda, kamar babban sifirin, ko sandar ƙafar lilo wadda takan karye idan agogo ya faɗi. Idan akwai madadinsa, gyaran ba shi da wuya.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne tsatsa. Da Baba ya buɗe bayan agogon, ya ba ni gilashin idonsa na duba, sai na ga cikin ya yi ja kamar ƙasar jigawa. Siririn sifirin ya narke ya manne, sandar wani ta cije, haƙoran ƙafafu biyu sun ci. Ya ce da an kawo shi a makon da ruwa ya shiga, da wanki kaɗai ya isa. Shekara guda da ya yi a rufe da laima a ciki ita ta kashe injin. Darasin a nan shi ne, agogon da ruwa ya shiga a garzaya da shi wajen mai gyara a ranar ko washegari. Binne shi cikin shinkafa ko shanya shi a rana ba ya fitar da ruwan da ya riga ya kwanta a ƙarƙashin sassa.

Sai kuma fuska, wadda hukuncinta daban ne. Inji ana iya musanya shi ba wanda zai gani, amma fuska ita ce kamannin agogo. Idan ta lalace, ba a iya mayar da ita yadda take. Tamu ta yi tabo a gefen ƙarfe bakwai zuwa tara, amma rubutunta da alamominta suna nan daram.

Tambaya Ta Uku: Akwai Kayan Gyara?

Likita komai ƙwarewarsa, idan babu magani a kanti sai kallo. Wannan tambaya ita ce ke raba agogon da zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Kamfanoni da dama da suka yi suna a da sun rufe, musamman a Suwizalan, lokacin da agogon batir ya mamaye kasuwa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Wasu manyan kamfanonin da suka rage kuma sun taƙaita sayar da kayan gyara ga masu zaman kansu. Alal misali, rukunin kamfanonin Swatch, mai Omega da Longines da Rado da Tissot, ya daina ba dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga ƙarshen shekarar 2015. Ke nan mai tsohon agogo mai tsada yana iya samun kansa cikin wahalar da ta fi ta mai araha.

A nan ne arahar agogon kakana ta zama alheri. Saboda yawan da aka ƙera, ana samun matattun irinsa a akwatunan masu gyara. Wani fuskarsa ta lalace amma injinsa lafiya, wani gidansa ya lotse amma cikinsa tsaf. Mai gyara yakan ciro lafiyayyen sashe daga wannan ya sa wa wancan. Baba ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara, ya zazzage, ya tsamo agoguna biyu masu lamba 6309.

Sai dai a yi hattara wajen sayen na kwance, musamman ta intanet. Akwai agoguna birjik da ake haɗawa daga tarkacen iri daban-daban, a yi wa fuskarsu fenti mai ƙyalli, a sayar da su da sunan tsofaffi na asali. Masu tara agoguna sun san su sarai, kuma ba sa ba su daraja. Wanda zai sayi agogo don ya ciri kayan gyara, ya tabbatar ya ga cikinsa da idonsa, domin gani ya kori ji.

Tambaya Ta Huɗu: Wace Daraja Ake Nema?

Da muka gama lissafi, kuɗin sayen inji na kwance, da wanki, da gilashi, da roba, da ladan aiki, sun kusa ninka kuɗin da zan sayi wani lafiyayyen Seiko 5 na hannu. Sun kuma kai kusan rabin abin da na tara. A nan na gane cewa kalmar daraja ma'ana uku gare ta a wannan magana, kuma duk wanda ya cuɗa su zai yi asara.

Akwai darajar kasuwa. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: a haɗa kuɗin gyara, a kwatanta da abin da agogon zai yi a kasuwa bayan an gyara. Idan gyara ya fi, to wanda ke da niyyar sayarwa ya haƙura, ko ya sayar da shi yadda yake ga masu neman kayan gyara. Da wannan ma'auni, agogon kakana bai cancanci gyara ba, kuma Baffa yana da gaskiya.

Akwai darajar amfani. Idan abin da ake so shi ne sanin lokaci, agogon batir mafi araha ya fi kowane tsohon agogon inji daidaito, ga kuma wayar hannu a aljihun kowa. Agogon batir yakan yi kuskuren sakanni kaɗan ne a wata, na inji kuwa yakan yi irin wannan ko fiye a kwana ɗaya. Bugu da ƙari, yana buƙatar wanki duk bayan 'yan shekaru, wato gyaran yau ba shi ne kashe kuɗi na ƙarshe ba. Da wannan ma'aunin ma bai ci ba.

Sannan akwai darajar da ke zuciyar masu abu. Ita wannan mai gyara ba shi da ma'auninta, iyali ne kaɗai suka san ta. Tambayar da na yi wa kaina ita ce: idan aka ba ni wani agogo sak irin wannan, sabo fil, aka karɓe wannan, zan yarda? Da na ga amsata a'a ce, sai na san ba agogo nake son gyarawa ba kawai. A bayansa akwai wani ƙarce mai zurfi da Hajiya ta ce ya samu ne ranar da Alhaji ya faɗi da keke a hanyar kasuwa. Wannan ƙarcen babu shi a kowane kanti.

Amma ko a nan akwai iyaka. Bai kamata ƙauna ta sa mutum ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta ba. Agogon da ya yi shekara a adaka zai iya ƙara wata shida, muddin an buɗe shi, an busar, an ajiye a wuri marar laima.

Gargaɗi Biyu

Na farko ya shafi lafiya. Agogunan da aka yi kafin shekarun 1960, da wasu na cikin shekarun, waɗanda lambobinsu da hannuwansu ke haske a duhu, da yawansu an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam. Wannan sinadari yana fitar da tururi mai cutarwa, kuma sai ya shekara kusan 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Fentin yakan daina haske, amma radiyam ɗin yana nan. A Amurka, a shekarun 1920, 'yan mata da dama masu aikin shafa wannan fenti sun kamu da mummunan ciwo, wasu sun rasu, saboda suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. Babban haɗarin ga mu a yau shi ne ƙurar fentin idan ta shiga hanci ko baki. Saboda haka wanda ya gaji irin wannan agogo kada ya buɗe shi da kansa, kada ya kankare fuskarsa, kada kuma ya ba yara idan gilashin ya fashe. Daga baya an koma amfani da wani sinadari mai sauƙin haɗari, wanda a agogunan Suwizalan akan nuna shi da harafin T a ƙasan fuska.

Na biyu shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sau da yawa abin da ke kashe darajar tsohon agogo ba tsufa ba ne, hannun mai gyara ne. Goge gidan agogo da inji har ya yi ƙyalli yana cinye ƙarfe, ya dakushe kusurwoyinsa, wani lokaci har ya shafe lambobin baya waɗanda su ne shaidar asalinsa. Sake fentin fuska yana rage kuɗinsa sosai a wurin masu tarawa. Cire inji a sa na batir kuwa yakan kai ga yanke ƙafafun fuska a manne ta da gam, abin da ba ya komawa. Garin neman gira kada a rasa ido. Kafin a bar agogo a shago, a faɗa wa mai gyara abin da ba a yarda ya taɓa ba, a ɗauki hoton gaba da baya da ciki, a kuma ce ya dawo da duk tsohon sashen da ya cire.

Shawarar Da Na Yanke

Na kira Hajiya a waya na faɗa mata gaskiya kamar yadda ta nema: zuciyar agogon ta mutu, amma jikinsa da fuskarsa suna nan, kuma ana iya sa masa zuciyar ɗan'uwansa. Ta yi shiru, sannan ta ce: "To ai ko mutum ana ƙara masa jinin wani, bai kuma sauya suna ba."

Ban taɓa kuɗin kundina ba. Na roƙi Baba ya busar da agogon ya ajiye mini inji guda, na riƙa kai masa abin da ya samu kaɗan-kaɗan har wata huɗu. Da Baffa ya ji, shi da ya ce a ba yara, sai ga shi ya aiko da kuɗin gilashi. Mun yi yarjejeniya da Baba a kan abin da za a yi: a sa inji mai lamba ɗaya da na asali bayan an wanke shi, a mayar da faifan ranaku mai Larabci tun da bai lalace ba, a sauya gilashi da roba. Gidan agogon a wanke shi kawai ba tare da an goge ba. Fuska a share mata ƙura a bar ta da tabonta. Tsohon injin mai tsatsa ya ƙunshe mini shi a takarda, yana nan a adakar Hajiya.

Yau agogon yana aiki. Yakan yi jinkirin kusan rabin minti a kwana, kuma idan na ajiye shi kwana biyu ban ɗaura ba sai ya tsaya, sai na girgiza shi. Ba na alwala da shi, ba na shiga ruwan sama da shi. Ranar da na kai wa Hajiya, ta kara shi a kunne ta daɗe tana saurare, sannan ta mayar mini ta ce in riƙe, amma kada in kuskura in makara da salla ina ɗaure da agogon Alhaji.

Kammalawa

A taƙaice, wanda ya tsinci kansa da tsohon agogo da ya lalace, ya fara da sanin ko wane iri ne ta hanyar karanta bayansa. Ya biya a buɗe a duba kafin ya amince da kowane gyara. Ya tambaya ko akwai kayan gyara, da inda za a samo su. Daga nan ya tantance wa kansa ko sayarwa zai yi, ko ɗaurawa, ko ajiye tarihin gida, domin kowanne da lissafinsa. Idan kuɗi ba su kai ba, ko tsatsa ta cinye har fuska, haƙuri ma shawara ce mai kyau: a busar da shi, a rubuta sunan mai shi da labarinsa a takarda, a ajiye su tare. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa zama da irin su Baba muna tattara kalmomin sana'arsu, domin masu gyaran agogon inji suna ta raguwa, kuma kalmomin suna tafiya tare da su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari.